Yoga ko Tattaki: Wanne Ya Fi Rage wa Mace Damuwa?

Yoga, wadda ta samo asali daga Indiya, tabarma kawai take buƙata da minti 20 a ɗaki. Ki ja numfashi a hankali, ki sake shi, sai bugun zuciya ya lafa, kafaɗun da suka ɗaure su saki. Ga matar da ba ta cika fita ba wannan sauƙi ne, kodayake wasu na ƙyamarta saboda alaƙarta da addinin Hindu.

Tattaki kuwa yana fitar da ke cikin iska, ga hira da ƙawa a hanya. Ni na fi karkata gare shi, domin kaɗaici na cin mata da yawa. Idan ƙuncin zuciya ya wuce mako 2, a garzaya wurin likita.