Awa biyu a Old Slave Mart, tsohuwar rumfar gwanjon bayi ta Charleston a Amurka

Ɗiyata ce ta matsa. "Baba, ba za ka koma gida ba ka taka titin Chalmers ba." Haka muka fita da hantsi zuwa titin, inda rumfar take, wadda yanzu gidan tarihi ce. Titin shimfiɗe yake da duwatsu ƙwallo-ƙwallo, tsoho irina da takalmin fata sai da lallaɓawa. Mai niyyar zuwa ya sa takalmi mai kama ƙafa.

Ginin ƙarami ne, bai kai yadda na zata ba. Ƙofa ce mai bakan gizo, da ginshiƙi a kowane gefe. Ciki kuwa yawanci karatu ne a jikin bango, sai 'yan kayan tarihi. Wanda ya zo don kallo kawai zai fita cikin rabin awa. Ni na yi awa biyu, domin a karatun nan abin yake.

A da a fili ake gwanjon mutane a Charleston, gefen ginin Exchange, tsohon gidan kwastan na garin. A 1856 majalisar gari ta yi dokar hana sayar da bayi a can. Na fara karantawa ina cewa to, ashe an samu masu imani. Ina! Dokar ba ta taɓa cinikin ba, cewa ta yi kawai a kauda shi daga kan titi. Sai ga wani Thomas Ryan, wanda shi kansa ɗan majalisar garin ne, ya buɗe kasuwarsa a nan, tsakanin titin Chalmers da na Queen, da gidan tsare bayi mai hawa huɗu, da madafi, har da ɗakin ajiye gawa. Rumfar da muke tsaye cikinta wani dillalin bayi mai suna Z. B. Oakes ne ya gina ta a 1859, aka ci gaba da gwanjo har 1863.

Abin da ban sani ba kafin ranar shi ne, waɗanda aka sayar a nan akasarinsu haifaffun Amurka ne. Tun 1808 aka hana shigo da bayi daga Afirka, sai cinikin ya koma na cikin gida, aka kwashi mutane kusan miliyan ɗaya zuwa gonakin auduga da rake na can kudu.

Na yi shekara talatin ina aikin rajista a ƙaramar hukuma, don haka takardun ne suka fi tsaya mini a rai. Suna, shekaru, sana'a, farashi, komai layi-layi, da rubutun magatakarda mai kyau irin wanda ake yaba wa. A wancan zamani garin nan har lambar tagulla yake sayar wa iyayengijin da ke ba da hayar bayinsu, duk shekara sabuwa, ɗauke da lamba da shekara da aikin bawan: dako, kamun kifi, aikin gida. Kuɗin kuma baitulmalin gari yake shiga.

Ma'aikaciyar da ke ƙofa ta amsa tambayoyina ba gajiya, duk da Turancina na tsofaffin malamai. Da muka fito ɗiyata ta ce mu wuce gidan abinci. Na ce ta fara kai ni Exchange tukuna, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa.