Fitilar baƙin mai ta ƙi mutuwa: sansa ce ta lalace ko inji ne ke shan mai?

Ɗan'uwanmu mai Hilux ya kawo tambaya jiya da dare. Motarsa mai gazuwal ce, yana jigilar kaya da ita tsakanin Damagaram da Tanout. Ya yi juyen mai mako biyu da suka wuce, amma fitilar mai, mai ruwan ɗorawa, tana nan a kunne. Bakanike ɗaya ya ce sansa ce, wato na'urar da ke lura da yawan mai tana kunna fitila, a sayo sabuwa. Wani kuma ya ce inji ne ke shan mai, sai an sauke shi an sa ringi, wato zoben fistin da ke hana mai shiga inda wuta ke ci. Yana son ya san maganar wa zai kama.

Malam, kafin ka kama ta kowa, duba launin fitilar, don fitilun mai iri biyu ne kuma ba magana ɗaya suke yi ba. Ja mai siffar butar mai tana cewa ƙarfin da famfo ke tura mai cikin inji ya faɗi. Wannan ba a tafiya da ita ko zuwa bakin titi na gaba. A tsaya, a kashe mota nan take. Mai ruwan ɗorawa, wadda sau da yawa ake zana mata layi kamar igiyar ruwa a ƙarƙashin butar, cewa take man da ke cikin kwanon ƙasan inji ya ragu. Daga bayaninka, ta biyun ce taka, don haka a kanta zan tsaya.

Maganar bakaniken farko da ta na biyu duka suna iya zama gaskiya, amma alamominsu ba sa kama da juna, kuma mai raba gardamar yana cikin motarka: sandar auna mai. Ka ajiye mota a fili mai daidai, ba a gangare ba, ba ƙafa ɗaya cikin rairayi ba. Ka kashe inji, ka jira kamar minti goma mai ya koma ƙasa. Zaro sandar, goge da tsumma mai tsabta, mayar da ita har ƙarshe, sake zarowa. In sansa ce ke ƙarya, za ka ga mai yana tsakanin alamomin biyu, kusa da ta sama, yau da gobe da jibi bai motsa ba, fitila kuwa tana ci. In inji ne, za ka ga man yana sauka a hankali, kuma da ka cika shi fitilar ta mutu, sai bayan tafiyar wasu kwanaki ta dawo. Wannan bambancin shi ne kan gaba, sauran duk ƙarin shaida ne.

Bari in daɗe kaɗan kan sansar, don nan aka fi yi wa mutane asara. A irin waɗannan motoci na Toyota, sansar tana ɗaure a jikin kwanon mai, kuma a cikinta akwai wani ɗan abu mai yawo bisa mai, kamar ƙwarya a kan ruwan randa. Mai ya cika, abin ya tashi sama. Mai ya ragu, abin ya sauka, fitila ta kama. Abu biyu ke ɓata wannan tsari. Na farko dauɗa: man da ya daɗe ba a juye ba, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, sai ya zama kamar kwalta ya liƙe abin a ƙasa. Na biyu waya. Soket ɗin yana can ƙarƙashin mota inda tsakuwa da ƙaya da gargadar hanya ke dukansa, kuma in waya ta tsinke ko bakin soket ya yi tsatsa, motar tana ɗauka mai ne ya ragu. Shi ya sa fitilar da ke kamawa tana mutuwa duk lokacin da aka faɗa rami ta fi nuna waya.

Na taɓa ganin wannan a tawa motar. Da muka ciro sansar, ɗan abin mai yawo ya daskare cikin baƙin laka, sai da na tura shi da yatsa ya motsa. Muka jiƙa shi cikin gazuwal, muka wanke da tsohon buroshin haƙori, mai wayarin ya ɗora mitarsa yana ɗaga abin yana saukewa har muka ga mita tana amsawa. Muka mayar, da sabuwar roba a bakinta don kada ta yi yoyo. Ban sayi komai ba sai robar.

Shan mai kuwa ba ya ɓoyuwa. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da dare, da safe ka duba ɗigo. Tunda ba ka daɗe da juye ba, fara da kusar juye da washarta, da bakin filta, don filtar da ba ta zauna daidai ba tana zubar da mai ne lokacin da inji ke aiki, ba lokacin da mota ke tsaye ba. In ƙasa a bushe take, sa wani ya taka totur kai kana bayan mota: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙaurin mai alama ce ta ƙonewa a ciki. Ko nan ma ba lalle ringi ba ne. Turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, in ta gaji tana tura mai cikin bututun iska, kuma kwance bututu ɗaya ya isa a gani. Gyaran turbo daban, sauke inji daban, kuɗinsu ma ba ɗaya ba. Littafin Toyota kansa ya yarda inji yana iya cin mai har lita 1 a kilomita 1000, to wanda ya ce a sauke inji ba tare da ya auna nawa yake ci ba, ya yi gaggawa.

Akwai kuma abu mai sauƙi da ake mantawa: ƙila ranar juyen ba a cika man ba. Injunan gazuwal na Hilux samfurin 2KD da 1KD suna ɗaukar kusan lita 7 in an canza filta. Galan ɗaya mai lita 5 ba ya isa, kuma yaron gareji yana iya aunawa kafin sabuwar filta ta sha nata rabon.

In ka ɗora biyun a sikeli, ga yadda nake gani. Binciken sansa aikin wuni ɗaya ne, kuma ko an yi kuskure asarar kaɗan ce. Sauke inji aikin kwanaki ne da kuɗi masu nauyi, kuma ba a komawa baya. Amma wajen haɗari abin ya juya: sansar da ta lalace ba ta kashe inji, man da ke raguwa ba a sani ba shi ke kashewa. Don haka abin da ba zan yarda da shi ba ko kaɗan shi ne shawarar da za ka ji a wasu wurare, wai a haɗe wayoyin ko a cire ƙwan fitilar a huta. Mai bin hanyar Tanout, balle wanda ke zarcewa Agadez, tafiyar sama da kilomita 400 daga Damagaram da garuruwa nesa da juna, bai kamata ya rufe bakin abin da zai gargaɗe shi ba. Kuma in wata rana jar ta fara ƙyaftawa a waɗannan injuna, a duba washar nozul mai fesa gazuwal cikin inji, don in ta yi yoyo baƙin gawayi yana taruwa ya toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta ciki.

Ga abin da za ka yi wannan makon, Malam. Cika mai zuwa alamar sama da irin wanda ka zuba, in 15W-40 ne to shi, daga galan mai hatimi, ba na kwalba a bakin hanya ba. Kada ka wuce alamar. Rubuta lambar kilomita. Kowace safiya kafin ka tada mota ka auna a wuri ɗaya, ka ɗauki hoton sandar. Je Tanout ka dawo sau biyu, da galan ɗin mai a bayan kujera. Sannan ka turo mana hotunan da na fitilar, mu ga ko mai wayarin za ka nufa ko mai inji.