Ranar da nas ta ɗaga kwalbar maganin 'yata

Wallahi tunda na zo Ingila ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Sati uku da sallamarmu bayan an yi wa jaririyar 'yata aikin hanta muka koma asibiti a duba ta, nas ɗin ɓangaren hanta ta ce in fito da magungunan duka, na zazzage jaka. Ta ɗauki kwalbar wani maganin ruwa da ake ce wa urso ta ɗaga saitin fitila, ta duba ranar da aka ba mu, sai ta ce Mama ai wannan ya ci a ce ya kusa ƙarewa. Ko rabi ba a sha ba. Ni fa gani na yi idon yarinya ya washe, shawara ta tafi, tana ta ɓangala dariya, sai na koma ba ta sau ɗaya a rana wataran ma in manta, halin namu dai, da an ji dama-dama sai a ajiye sauran magani wai ko wani zai buƙata.

Da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi. Kujera ta jawo ta zana min hanta a takarda. Hanyar da ruwan madaciya ke bi zuwa hanji ce ta toshe, aikin da aka yi, Kasai, sunan likitan Japan ɗin da ya fara shi ne a shekarun 1950, hanjin aka jona da hantar kai tsaye. To yadda madaciya ke sauka haka ƙwayoyin cutar hanji ke iya hawa, shi ya sa ake ɗura mata maganin kashe su kullum ko tana ƙalau. Urso shi ke sa ruwan ya gudana. Bitamin A, D, E da K sai da madaciya jiki ke iya tsotsarsu, K ɗin in ya yi ƙasa jini ba ya tsayawa. Wani maganin nata kuwa, prednisolone, ba a yanke shi lokaci ɗaya, a hankali ake janyewa, Allah ya rufa min asiri shi ban yi wasa da shi ba. Ta ce ko aikin ya yi kyau yara da yawa sai an yi musu dashen hanta daga baya, nan jikina ya yi sanyi.

Yanzu wayata cike take da hoton kashi, ku yi dariya. In ya fara fari, alamar ruwan madaciya ba ya sauka ke nan, sai in kira su, in zafin jiki ya kai 38 babu zancen paracetamol a jira safiya, asibiti kawai.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce fa. Maganin yara 'yan ƙasa da 16 kyauta ne, amma ai mun biya kuɗin lafiya tun wajen biza, kuma na ruwan nan sai famasi sun yi odarsa, ka je yau a ce gobe, ka je gobe a ce takardar likita ba ta iso ba, ga kuɗi a hannunka ba mai sayar maka. Ƙarfe biyun dare ni kaɗai da sirinji biyar, babanta na wajen aiki, ba Umma ba ƙanwa da za ta karɓe ta ko na minti goma, sai in zauna in yi kukana.

Amma da a gida ne anya ma za a gano? Tun 1999 garuruwa uku kawai ke wannan aikin a nan, Landan, Birmingham da Leeds, don hannun likitocin ya faɗa, kuma so ake a yi kafin jariri ya cika kwana 60. Shawara ta wuce sati biyu a jikin jariri sai su ɗebi jini. Mu kuwa kowa ya shigo barka likita ne, wannan ta ce za ta tafi da kanta, waccan ta ce nata ma haka ya yi, har a cinye kwanakin. Jiya ma Gwaggo ta kira ta ga yarinya a bidiyo ta ce tunda ta warke me ake ta ɗirka mata, na ce to Gwaggo, na ja urso a sirinji.