Man "buɗe ƙofar arziki" da na saya: tauraro ɗaya

Wata mai wa'azi a talabijin ce ta tallata shi, na aika kuɗi, bayan mako biyu ya iso. 'Yar kwalba ce da ba ta kai tsawon yatsa ba, murfin ma yana yoyo. Man zaitun ne zalla. Takardar ciki ta ce in shafa a walat, in kuma "shuka iri", wato in aika musu kuɗi, duk wata.

Wannan koyarwar shuka iri wani mai wa'azi Oral Roberts ne ya yaɗa ta a Amurka. Ni dai wata huɗu na yi ina shuka, bashi kawai ya tsiro. Da na kira layinsu, sai aka ce bangaskiyata ce ta yi ƙaranci.

Abin ya ci mini rai. Shin bangaskiyar Manzo Bulus ce ta gaza da ya roƙi Ubangiji sau uku ba a cire masa wahalar da ya kira "ƙaya a jiki" ba? A Yakubu 5:14 dattawan ikkilisiya ke shafa wa marar lafiya mai, babu zancen farashi. Siman kuwa da ya miƙa kuɗi don baiwar Allah, Bitrus tsawata masa ya yi (Ayyukan Manzanni 8).

Ragowar man na zuba a hinjin ƙofa, ya daina ƙara.