Ina Za A Kai Yara A Dogon Hutu: Duwatsun Birnin Kudu, Gidan Zoo Ko Bakin Dam?

Da an gama maimai, gero ya fara fitar da kai, makarantu kuma sun yi dogon hutu, sai yaran gidanmu su dame ni da mitar an kai 'ya'yan maƙwabta birni sun ga zaki. Ni mutumin ƙasar Albasu ne. Yarana uku, babbar shekararta 8, autan bai cika 3 ba, ga na ƙanena biyu da ba sa yarda a bar su. Shekara huɗu ke nan ina fita da su sau ɗaya duk watan Agusta. Abin da nake dubawa kafin in saki kuɗina shi ne inuwa, da nisan wurin daga ruwa mai zurfi, da ko za mu shigo gida kafin magariba. Kuɗin shiga ba ya ba ni tsoro, kuɗin mota ne ke cinye aljihu.

In ka tambaye ni, duwatsun Birnin Kudu za ka. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu na mutanen dauri a jikin dutse, a ƙarƙashin wani ɗan kogo da ruwan sama ba ya dukansa sosai. Tun shekarun 1950 masu binciken tarihi irin su Bernard Fagg suka yi rubutu a kansu, kuma suna cikin kayan tarihin da Gwamnatin Tarayya ta killace. Babbar 'yata ta daɗe tana ƙura musu ido, sannan ta ce, “Baba, me ya sa shanun nan ba su da tozo?” Wallahi ni ban ma lura ba sai da ta faɗa. Shanun zanen ba irin namu na yau ba ne, wannan kaɗai ya ishe ka sanin an jima da yin su.

Amma abin da ya sace zuciyar ƙananan ba zane ba ne. Akwai duwatsun da in ka ƙwanƙwasa su da ɗan ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge, kowane gefe da irin muryarsa. Autana ya zauna dirshan yana bugu, 'yan'uwansa na rawa, mu kuma muka shimfiɗa tabarma a inuwar dutse muka buɗe ƙullin gurasa da dafaffen ƙwai. Ba mai tura ka, ba mai talla a kanka. Sai dai a kula: in an yi ruwa da dare dutse na santsi, silifas kuwa ba abin hawa ba ne, a saya wa yaro takalmin roba mai maɗauri. Kada a bar shi ya zura hannu a rami saboda kunama da maciji. A nemi mai kula da wurin ya yi jagora, a kuma hana yara taɓa zanen ko rubuta sunansu da gawayi. Ruwan sha a ciko jarka daga gida. Fura kam a haƙura da ita, kafin azahar ta yi tsami.

Gidan Zoo na Kano, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, ba laifi a kai yaro sau ɗaya ya ga namun daji ido da ido, amma daga ƙauye rabin yinin a hanyar Wudil da cunkoson birni zai ƙare, ranar Sallah kuwa ko kusa. Dutsen Dala matakala ce da zafin rana, ƙarshenta kai za ka goya yaron. Baturiya, fadamar tsuntsaye ta ƙasar Haɗeja, a bari sai hunturu, lokacin da tsuntsaye ke zuwa daga Turai. Dajin Falgore ba wurin mai goyo ba ne.

Saura bakin dam, kuma a nan bakina yake da magana. Tiga da ire-irenta suna da kyan gani, iska mai sanyi, ga kifi ɗanye. Amma yaro ɗan shekara 3 ba ya kallon ruwa daga nesa. Bara waccan, a wani dam da ba zan kama suna ba, wani saurayi ya tare mu da rigunan ruwa masu ruwan lemo, wai na haya, in mun biya sai a zaga da yara a kwale-kwale. “Alhaji, daga waje aka kawo su, ko jariri ba zai nutse ba.” Na kusa miƙa kuɗi, sai uwargida ta karɓi ɗaya ta matsa. Ɗinkin ya buɗe, sai ga yankakken soson tsohuwar katifa. Soso fa! Abin da ke shan ruwa ya yi nauyi. Rigar gaske cikinta da tauri, ba ta lotsewa kamar matashi, maɗauranta suna kamawa. In an sa wa yaro, a kama kafaɗar rigar a ɗaga. Muddin ta haura kunnensa, ta yi masa yawa, zai zame daga cikinta. A kuma ƙirga kawunan da ke cikin jirgin kafin a taka. Mu Kanawa ba mu manta da Bagwai ba, a Nuwambar 2021, inda kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi. Ko wanka a gefen ruwan da ba ya gudu ban yarda ba, nan ake kwaso tsargiya, sai daga baya ka ga yaro na fitsari da jini.

A ranar rigunan soson nan dai direban da na ɗauka shata ya ƙarasa mini. Na biya shi duka tun a gida, ya sauke mu ya ce zai sha mai ya dawo. Ashe jigila ya tafi. Har aka kira isha muna tsugune, sauro na cin yara, wayarsa a kashe. Tun daga nan ba na ɗaukar motar da ba ta tashar garinmu ba, kuma a gaban shugaban tasha ake ciniki. Kuɗin mai kawai nake bayarwa da safe, in rubuta lambar motar, in bar wa ƙanena ita a gida. Cikon kuɗin sai ya sauke mu a ƙofar gida, na ƙirga yara biyar.