Injin na rawa a tsaye: kunnen bakanike ko na'urar kwamfuta?

Mota mai ƙarfi irin BMW ko Mercedes, in allurar injinta ta fara hawa da sauka tana tsaye a cunkoson Kwangila a Zariya, hanya biyu ce gaban mai ita.

Gogaggen bakaniken Sabon Gari zai saurari injin, ya kwance fulogi ya duba launinsu, ya bi tiyon iska yana neman tsaguwa, ya wanke totur. Ya san yadda ƙurar hunturun Zariya ke toshe matatar iska. Aibinsa ɗaya: in ya rasa gane ciwon, sai ya hau canza kaya, aljihunka na kuka.

Na'urar OBD-II kuwa, wato kwamfutar da ake jonawa a mota don karanta matsalar inji bisa tsarin da Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, lamba take bayarwa. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. P0301, silinda ta ɗaya ba ta kama wuta daidai. Sai dai ba za ta ce fulogi ne, kwayil ne (mai ba fulogi wuta) ko nozul (mai fesa mai) ba.

Ni dai a fara da na'urar, sannan bakanike ya mayar da kwayil ɗin silindar da lambar ta nuna zuwa wata silinda. In lambar ta bi shi, an kama ɓarawo.