Ƙaramin majigin Kasuwar Dole: me ya tsinana wa mai koyon rubutun fim?

Jika 45 na saye shi a wajen wani mai kayan lantarki a Kasuwar Dole ta Damagaram, cikin kayan da ake shigo da su daga Kano. Girmansa bai wuce kwalin sukari biyu a haɗe ba. Irinsa sun cika kasuwa, ƙira ɗaya, sunan da ke jikin kwali ne kawai ya bambanta, saboda haka abin da zan faɗa zai dace da yawancinsu.

Da rana buga takardu nake yi a wani shago kusa da Jami'ar André Salifou. Rubutun fim kuwa sai bayan sallar asuba, kafin gari ya yi zafi. Ban kai ga sayar da labari ba tukuna, amma ina kan hanya, kuma abin da ya sa na sayi majigin shi ne na gaji da nazarin fim a fuskar salula, inda ba ka ganin komai sai bakin jarumi yana motsi.

Bari in fara da hoton. A kwali an rubuta 1080, sai dai abin da ake nufi shi ne yana karɓar fim mai wannan inganci, ba shi yake fitarwa ba. Abin da ke sauka a bango ya yi ƙasa da haka sosai. Idan ka ajiye shi kamar mita 2 zuwa 3 daga bango mai farin fenti, fuskoki suna fita tas. Ka ƙara ja da baya, hoton ya yi girma amma ya dusashe, gefe-gefe kuma ya yi hazo ko ka murɗa saitin yaya. Ƙananan rubutun fassara da ke ƙasan fim sai ka matse ido. Da rana kam kada ma ka wahalar da kanka. Sai bayan isha'i, a kashe ƙwan tsakar gida.

Sautinsa shi ne babban rauninsa. Lasifikar ciki ba ta da ƙarfi, ga fankar da ke sanyaya shi tana gurnani, to dole ka haɗa da wata lasifika ta waje. Akwai kuma fina-finan da in ka sa su ta filash hoto zai fito amma babu murya, saboda bai san irin tsarin sautin da aka yi su da shi ba. In na jona kwamfuta da wayar HDMI matsalar tana gushewa. Wuta ba ya ci da yawa: batirin solar gidanmu yana riƙe shi fim ya ƙare lafiya ko an ɗauke wuta. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, jikinsa yana ɗaukar zafi har ka ji tsoron taɓawa, sai na ɗora shi bisa bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Ƙurar hunturu ita ma tana shiga ta ramukan fanka ta zauna a madubin ciki, ka ga ɗigo-ɗigo baƙi a bango. Yanzu kullum a cikin jaka yake kwana.

Duk wannan aibi na yafe masa, saboda wani abin da ban saye shi dominsa ba. Da na fara haska bangon tsakar gidanmu a unguwar Birni, sai jama'a suka fara taruwa: Gwaggo da tabarmarta, ƙannena, matan maƙwabta, wani lokaci har samarin fadarmu su ɗauko butar shayi su shigo zaure su leƙo. Ni kuma sai na koma gefe da littafina, na daina kallon bangon, na koma kallon masu kallo. Inda labari ya yi sanyi, jikin mutane ne ke fara faɗa maka. Wannan ta tashi duba tukunya, wancan ya zaro salula, yara su fara tsokanar juna. Inda ya kama kuwa, ko tari ba ka ji.

Nan ne ra'ayina ya tsaya a kan fina-finai masu dogon zango da suka mamaye YouTube da tashoshin talabijin a 'yan shekarun nan. Ina son su, kuma su suka riƙe harkar bayan kasuwar faifai ta mutu. Amma tilascin fitar da kashi kowane mako ya sa ana cika lokaci da abin da ba labari ba. Mota ta iso, a danna oda, maigadi ya taso, ya buɗe ƙofa, ta shiga, a fito, a gaisa, a tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma jaruma ta je ta kwashe duk abin da muka gani da idonmu ta faɗa wa ƙawarta daga farko. A salula mutum yana tura yatsa ya wuce wurin, shi ya sa marubuta ba sa jin zafin abin. A bango, gaban mutum goma sha, babu wurin ɓuya. Wani dare ana cikin irin wannan maimaici Gwaggo ta juyo ta ce mini, "Ɗan nan, ai mun ji wannan. Wuce mana gaba mu ga ko mijin zai gane." Na rubuta maganar tata a bangon littafina, don ta faɗi abin da mai kallo yake jira: me zai faru, ba me ya faru ba.

A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Da na dawo kan labarin da nake rubutawa, na wata mai sayar da kunu da ɗanta ya shiga harkar fetur ɗin bakin hanya, sai na riƙa tambayar kowace fitowa: a nan Gwaggo za ta tashi ko za ta zauna? Gaisuwa ban cire ta ba, don Bahaushe ba ya shiga gida haka nan kawai, amma na sa ta yi aiki. Uwar ta amsa sallamar ɗanta ba tare da ta ɗago kai daga damun da take yi ba, kowa ya gane an yi faɗa jiya.

Daren da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda muka kalli Zinder, fim ɗin gaskiya na Aicha Macky, 'yar garin nan, wanda ya fito a 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara. Babu rawa, babu gidan bene, kuma akwai wuraren da kyamara ke tsayawa kan fuskar mutum ba ya cewa komai. Duk da haka ba wanda ya motsa. Bayan ya ƙare aka yi ta gardama har dare ya raba, wasu na cewa an tona asirin gari, wasu na cewa gaskiya ce da kowa ya sani. Wannan ya nuna mini cewa jan lokaci ba shi ne laifi ba. Laifin shi ne a ja shi babu abin da ke tafasa a ƙasa. Nijar, ƙasar da mai shirya fim Oumarou Ganda ya ciyo wa babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO tun 1972, ba ta rasa labari ba, kuma ina ganin mu masu tasowa a Damagaram muna yawan kwaikwayon falon attajiran Kano alhali lungunan Birni da Zango da Garin Malam suna nan ba a taɓa su ba.

Wanda yake neman hoto garau don kallon ƙwallo ko fim ɗin faɗa, gara ya ƙara kuɗi ya sayi talabijin. Wanda kuma yake koyon rubutu, yana da bango da mutanen da za su zauna, majigin ya ci kuɗinsa. In za ka saya, tafi da filash ɗinka mai fina-finai iri-iri, ka sa mai shago ya kunna a cikin duhu, ka duba ko murya tana fita a kowanne, ka haska farin allo ka ga ko akwai ɗigon ƙura tun daga kanti. Ka kuma ware kamar jika 10 na lasifika da wayar HDMI, don nawa bai zo da su a kwali ba.